Bangaskiya a Gidan Kirista: Daga Ranakun Aiki Zuwa Bikin Kirsimeti

Shirin faɗakarwa na wannan mako zai duba wata tambaya da ke tasowa a gidajen Kirista duk lokacin da hunturu ya kama, aka gama girbi, aka fara jin mawaƙan majami'u suna gwajin waƙoƙin Kirsimeti da yamma: me ake nufi idan aka ce mai bi ya sa bangaskiyarsa gaba da kome, kuma da wane ma'auni za a gane ya yi hakan? Tambayar ta shafi Kirista a ko'ina, amma shirin zai tsaya a kan ikkilisiyoyin da ke sujada da Hausa, daga Wusasa da Kafanchan da Jos zuwa Gombe da Garkida da Numan, har Maraɗi da Galmi a Jamhuriyar Nijar, domin a waɗannan wurare bikin yana faɗowa daidai lokacin da manomi ya cika rumbu, ma'aikaci yake jiran albashin ƙarshen shekara, ɗalibi kuma ya dawo hutu, wato lokacin da kowane gida yake yanke shawarwari masu nauyi a cikin 'yan makonni kaɗan.

Tushen koyarwar yana cikin babi na 6 na Bisharar Matiyu, inda Yesu Almasihu ya yi wa almajiransa magana a kan damuwa da ci da sha da sutura, sa'an nan a aya ta 33 ya umurce su su sa neman mulkin Allah da adalcinsa a gaban neman waɗannan abubuwa. Koyarwar ba ta hana noma ko kasuwanci ba, domin manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa, ya tsawata wa waɗanda suka daina aiki suna cin gumin wasu. Abin da take magana a kai shi ne jeri, wato wane abu ake yankewa tun farko, wane abu kuma yake jiran ragowa. Shari'ar Musa ta riga ta kafa wannan jeri ta wurin ka'idar nunan fari, wadda ke nufin cewa manomi ya keɓe wa Allah kashin farko na amfanin gonarsa tun bai san yadda sauran zai ishe shi ba. Annabi Haggai kuwa, wanda ya yi wa'azi a Urushalima a shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu, ya tarar da mutanen da suka dawo daga bauta a Babila sun ƙawata gidajensu sun bar Haikali a kango, kuma abin lura shi ne ba su ce sun ƙi gina shi ba, cewa suka yi lokaci bai yi ba tukuna. Mafi yawan masu bi ba ta hanyar musu suke barin bangaskiya ba. Jinkirta ta suke yi zuwa wani lokacin da suke sa ran samun sarari, kuma sararin nan da wuya ya zo da kansa.

Wuri na farko da wannan jeri yake bayyana shi ne sa'o'in yini. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya ba da gudummawa mai yawa a cikinsa, aka kuma fitar da sabuwar fassara a 1979, kuma domin Hausa ce harshen da ya haɗa ƙabilu masu yawa na Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Bauchi, littafin ya shiga gidajen da ba su mallaki wani littafi ba sai shi. Daga nan aka sami al'adu biyu da suka riƙe ikkilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN shekaru masu yawa. Ta farko ita ce addu'ar asuba a majami'a, wadda ake kiran mutane zuwa gare ta da ƙararrawa, a ƙauyuka da dama kuwa ƙararrawar tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a reshen bishiya. Ta biyu ita ce sujadar iyali, wato taruwar mutanen gida na ɗan lokaci da safe ko kafin barci domin waƙa da karatun nassi da addu'a. Markus 1:35 ya nuna Yesu da kansa ya tashi da sauran duhu ya keɓe domin addu'a bayan yinin da ya cika da aikin warkarwa, Daniyel kuma, yana babban jami'in gwamnati a ƙasar baƙunci, ya riƙe addu'a sau uku a rana har a lokacin da doka ta hana. A yau abin da ya fi cinye wannan lokaci shi ne wayar hannu, wadda mutane da yawa suke dubawa kafin su sauko daga gado, kuma ko da yake akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a cikin wayar, saƙonnin WhatsApp da Facebook suna zaune kusa da shi suna kira. Minti goma sha biyar da aka tsayar wa lokaci, aka kuma kiyaye su kowace rana, sun fi amfanar yara a kan doguwar addu'ar da ake yi sau ɗaya a wata idan wani ya kwanta ciwo.

Wuri na biyu shi ne aiki, kuma a nan ne maganar take da zafi. Annabi Amos, wanda ya yi wa'azi a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, ya kwatanta a babi na 8 na littafinsa 'yan kasuwar da suke kiyaye Asabar da bikin sabon wata, amma suna ƙosawa ranar ta wuce domin su koma kasuwa su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar da hatsi haɗe da ƙaiƙayi. Mutanen nan ba su fasa zuwa sujada ba, laifinsu shi ne sujadar ba ta bi su rumfa ba. Wanda ya san kasuwannin hatsi na Arewa ya san mudun da aka bubbuge gindinsa da buhun da aka sa mai kyau a baki, kuma haka zancen yake ga tela da ya karɓi ɗinki fiye da ƙarfinsa a Disamba alhali ya san ba zai gama ba, da ma'aikacin ofis da ke riƙe takardar mutum sai an ba shi na goro, da maigidan da ya sayi kaji da lemo don baƙi amma bai biya yarinyar da ke masa aiki ko 'yan ƙodagon da suka yi masa girbi ba. Wasiƙar Yakubu, babi na 5, ta ɗauki riƙe hakkin ma'aikaci a matsayin laifin da kukansa yake kaiwa gaban Allah. Maƙwabci wanda ba Kirista ba da wuya ya taɓa jin wa'azin fasto, saboda haka abin da ya sani game da bangaskiyar Kirista shi ne abin da ya gani a mudu da alkawari da biyan bashi.

Game da bikin kansa, akwai tarihi da ya kamata masu sauraro su sani, domin yana rage nauyin da mutane suka ɗora wa kansu. Bisharar Matiyu da ta Luka ne kaɗai suka ba da labarin haihuwar Yesu, kuma babu wadda ta faɗi rana ko wata. Shaida mafi daɗewa ta yin bikin ranar 25 ga Disamba ta fito daga birnin Roma a shekara ta 336, wato bayan fiye da ƙarni uku da haihuwar, kuma har yau Ikkilisiyar Habasha da Kibɗawan Masar suna yin nasu ranar 7 ga Janairu, Armeniyawa kuwa ranar 6. An ma taɓa samun Kirista masu tsananin ra'ayi da suka ga bikin ya koma shaye-shaye da holewa har suka hana shi: majalisar dokokin Ingila ta haramta shi a 1647, haka kuma yankin Massachusetts na Amurka ya sa tara a kan mai yin sa daga 1659 zuwa 1681. Hanin bai ɗore ba, kuma babu dalilin marmarin dawowarsa, domin Bulus ya riga ya nuna a Romawa 14 cewa mai girmama wata rana da wanda ya ɗauki dukan ranaku daidai suna iya yin hakan domin Ubangiji. Darasin tarihin shi ne ikkilisiya ce ta keɓe ranar domin tunawa da zaman Ɗan Allah mutum, wato koyarwar cewa Kalman Allah ya ɗauki jiki ya zauna a cikin mutane, kuma babu wata doka ta Allah da ta ɗora wa kowa sabon kaya ko buhun shinkafa. Katolika da Angilikan da Lutheran suna share fagen ranar da Adbent, wato Lahadi huɗu na jira da shirin zuciya kafin bikin, kuma ko ikkilisiyar da ba ta bin wannan kalanda tana iya amfana da hikimarsa, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Labarin haihuwar ma, idan aka karanta shi a natse, labarin talakawa ne. Umurnin ƙidaya na Kaisar Augustas ne ya tilasta wa Yusufu da Maryamu tafiyar fiye da kilomita 100 daga Nazarat zuwa Baitalami, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi saboda rashin masauki, kuma waɗanda suka fara jin labarin makiyaya ne da ke kwana a fili. Luka 2:24 ya ce sa'ad da aka kai shi Haikali hadayar da iyayensa suka miƙa tsuntsaye biyu ce, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya tanadar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Matiyu kuma ya ƙara da kisan yaran Baitalami a hannun sarki Hirudus da gudun hijirar iyalin zuwa Masar, shi ya sa tsohuwar kalandar ikkilisiya ta sa tunawa da yaran nan ranar 28 ga Disamba, bayan tunawa da Istifanas, shahidi na farko, ranar 26. Kiristan Arewa ba baƙi ba ne ga wannan gefen labarin, domin sun ga harin bam a cocin Katolika na St. Theresa a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da hare-haren ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023, kuma iyalai masu yawa na EYN daga Gwoza da Chibok da Michika sun yi bikin shekaru da dama a sansanin gudun hijira ko a gidajen 'yan'uwa.

Idan aka ajiye wannan labari kusa da yadda ake kashe kuɗi a Disamba, bambancin yana fitowa fili. Hatsi ya fi araha a kaka, lokacin da kowa ya kawo nasa kasuwa, ya kuma fi tsada a tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Manomin da ya kwashe masara ko waken suya ya sayar a mako na biyu na Disamba domin atamfa da takalman yara da nama ya sayar a lokacin da farashi ya fi faɗuwa, ga 'yan sari da za su ajiye, kuma sau da yawa shi ɗin ne zai dawo ya sayi hatsin da tsada a hannunsu, ko ya ci bashin taki da ruwa mai nauyi. Ma'aikaci ma haka, idan an biya shi albashin Disamba da wuri, sai ya tarar da Janairu mai tsawo, ga kuɗin makaranta na zango na biyu, ga kuɗin haya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lissafin ya ƙara tsanani: hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, kuma a lokacin a kasuwanni da yawa buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a waccan shekara. Littafin Misalai 22:7 ya ɗauki mai cin bashi a matsayin bawan wanda ya ba shi, kuma ba kasafai ake cin bashin Kirsimeti saboda yunwa ba, ana cin sa ne saboda kunyar idon maƙwabta. Wannan ba hujja ba ce ta hana yara murna, domin sabuwar riga da cincin da yawon gaisuwa gida-gida suna cikin abubuwan da suke sa yaro ya ƙaunaci ranar tun bai fahimci ma'anarta ba. Abin da ake nema shi ne miji da mata su zauna tun Nuwamba su cire baiko da zakka, da abincin da zai kai su sabuwar kaka, da kuɗin makaranta, da rabon mabukata, sa'an nan a yi biki da abin da ya saura. Al'adun gargajiya ma suna taimakawa a nan, irin su adashi da ake zubawa tun farkon shekara, da watanda, wato haɗa kuɗi a sayi sa ɗaya a yanka a raba kashi-kashi.

Akwai wani nauyi da ba a cika faɗa a kan bagade ba, shi ne wanda ke kan mata. Luka 10 ya ba da labarin Marta da ta shagala da hidimar baƙi har ta yi ƙorafi a kan 'yar'uwarta Maryamu da ta zauna tana sauraron Yesu, kuma an saba wa'azin labarin a matsayin gargaɗi ga mata. Amma a gidaje da yawa matar da ta kwana tana suya, ta tashi da asuba ta ɗora tukunya, ta yi wa yara wanka da shiri, har ta isa majami'a ana addu'ar rufewa, ba ita ta zaɓi hakan ba, yawan baƙin da maigida ya gayyata da zamansa a inuwa ne suka zaɓa mata. 'Yan Zumuntar Mata su ne ƙashin bayan ikkilisiyoyin Arewa a waƙa da ziyarar marasa lafiya da baiko, saboda haka abin kunya ne a ce a ranar babban biki su ne suka fi rasa sujada. Maigidan da ya rage yawan girki, ya sa samarin gida ɗebo ruwa da faskare da figar kaji, ya yi aikin bangaskiya da ya fi karanta nassi a gaban jama'a.

Ikkilisiya ita ma tana da nata rabon laifin. Daga bikin godiya na kaka zuwa ƙarshen shekara akan jera taruka da gudummawa da ankon ƙungiyoyi, har mai ƙaramin ƙarfi ya ga zama a gida ya fi masa sauƙi a kan zuwa da tsohon zane. Inda ake kiran suna da adadin abin da kowa ya bayar ta lasifika, an kauce wa koyarwar farkon Matiyu 6 a kan bayarwa a asirce, an kuma kusanci abin da Yakubu ya hana a babi na 2, wato ba mai kayan ado wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye. Yawan shirye-shirye ba shi ne yawan ibada ba, kuma dattawan ikkilisiya suna da ikon rage su domin iyalai su sami maraice ɗaya ko biyu na zama tare.

Rabon abinci kuwa yana cikin kyawawan al'adun da ya kamata a riƙe da hannu biyu. A Nehemiya 8:10 an umurci jama'a su ci su sha a ranar biki, su kuma aika wa waɗanda ba su da abin da suka shirya. A garuruwan da Kirista da Musulmi suke zaune tare, an daɗe ana aika kwanon shinkafa da nama gidan maƙwabci ranar Kirsimeti kamar yadda ake karɓar tuwon Salla da naman layya, har Kirista da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu dabbar domin kowa ya ci ba tare da shakka ba. Rikice-rikicen Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 sun raba unguwanni bisa addini, al'adar ta yi rauni a inda kwanon zai ƙetare gada ko babban titi, amma ba ta mutu ba. Sai dai Luka 14 ya ƙara wani mataki, inda Yesu ya ce a gayyaci matalauta da guragu da makafi, wato waɗanda ba za su iya ramawa ba, kuma a kowace ikkilisiya akwai gwauruwa da maraya da ɗan gudun hijira da ɗalibin da bai sami kuɗin motar zuwa gida ba, waɗanda sakataren ikkilisiya ya san sunayensu.

Tafiya gida tana da nata jarrabawar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan ƙara sintiri a watanni huɗu na ƙarshen shekara saboda gudu da lodi fiye da kima da tuƙi cikin maye, kuma direban da ya yi addu'a kafin ya ta da mota sa'an nan ya sha burukutu ko giya a hanya ya saɓa wa addu'arsa da hannunsa. A ƙauye kuma ana tarar da tsofaffin rigingimu na gona da gado da aure suna jira. Matiyu 5:23-24 ya sa sulhu da ɗan'uwa gaba da miƙa baiko, har ya ce a bar baikon a gaban bagade a je a shirya tukuna, saboda haka 'yan'uwan da suka zauna a majami'a ɗaya ranar 25 ga wata ba sa gaisawa saboda iyakar gona suna da aikin da ya riga zubin baiko, kuma kasancewar dattawan dangi duka suna gida a makon nan dama ce da ba a sake samu sai bayan shekara.

Daren 31 ga Disamba majami'u sukan cika fiye da kowace Lahadi domin sujadar ƙetare shekara, al'adar da John Wesley ya yaɗa a cikin Methodist a ƙarni na 18 bayan ya gan ta wurin Kiristan Morabiya, kuma asalin manufarta binciken kai ne da sabunta alkawari da Allah. A wasu wurare ta koma daren annabce-annabcen arziki da mota da ƙarin girma, ana tafi ana rubutawa. Littafin Mai Hadishi, babi na 5, ya yi kashedi cewa rashin yin wa'adi ya fi a yi a kasa cikawa, saboda haka ya fi dacewa mai bi ya fita daga wannan sujada da abubuwa kaɗan da za a iya dubawa: sa'ar da iyalinsa za su riƙa taruwa domin addu'a, sunayen waɗanda yake riƙe da kuɗinsu da ranar da zai biya kowannensu, da mutumin da zai fara nema domin sulhu kafin makarantu su koma a mako na biyu na Janairu.